Malamin Sikeli

Makullin nan ya girmi ubanku,
haka na ce musu ranar da suka zo,
su huɗu a kan babur biyu.
A ɗakin nan na auna gyaɗa ina saurayi:
buhu ya hau sikeli, in kira lamba, a rubuta,
jirgin Nguru ya yi kuka a tashar Gagarawa
har in ji shi a haƙorana.
Gyaɗa ta tafi, jirgi ya yi nauyin ƙafa,
jemagu suka kama haya, ko sisi ba su biya ba.

Sagiru ya ce, Baba Lawandi, ba mu ɗakin.
Na ce, me za ku sayar?
Ya ce, aiki.
Na ce, a buhu ko a kwano?
Suka yi dariya. Ni tambaya na yi.

Kwana tara ana kwasar kashin jemage.
Dagaci ya ba da kwanon rufi shida,
Barira ta zube kuɗin adashinta a kan tabarma,
faifan sola uku suka hau sama
suna shan rana kamar ƙadangaru.
Sabis kuwa sai da aka yi farautarsa.
Ɗayyabu ya hau gawo da waya a baki,
ya sauko da ƙaya a tafin hannu,
ya hau tsamiya,
can a reshe na uku ya yi ihu: Ga shi nan!
Nan aka ɗaure eriya.
Igiyar farko akuyar Hansatu ce ta cinye.

Yanzu da na idar da asuba nake buɗewa.
Barira na riƙe lissafin wani shago a Legas
da ba ta taɓa taka ƙofarsa ba.
Sagiru na zana bene hawa biyar,
la'asar ta yi ya cire abin kunne,
ya saɓi fartanya, gero ba ya jiran kowa.
Kubura sai dare take zuwa,
wai masu aikinta ranarsu tana fitowa
lokacin da tamu take faɗuwa.
Ina kunna mata maganin sauro,
in zauna a ƙofa har ta ce ta gama.

An buɗe irinsa a Taura, an buɗe a Kaugama,
na Malam Madori ɗakin ɗinki ne a da.
Kati ɗaya ke shiga duka.
In hadari ya haɗo ya haɗiye mana sabis,
sai su ɗaure kwamfuta a leda,
su bi burtali zuwa inda sama ta washe,
kamar yadda muke aron wuta a maƙwabta.

Ba komai ne ya zauna daidai ba.
Batir ɗaya ya fara tsufa, ya fi ni saurin barci.
An yi rigima kan wa ke jan wuta da yawa,
sati guda wasu ba sa gaisawa.
Ɗayyabun da ya hau tsamiya
ya tattara ya koma Kano duk da haka.
Kujerarsa na nan, ina karkaɗe ta.

Abin da suke sayarwa har yau ban ga nauyinsa ba.
Takalma nake ƙirgawa a bakin ƙofa:
jiya ƙafa goma sha ɗaya,
kowane da ƙasar garin nan a jikinsa.

Sikelin yana lungu, sun mai da shi wurin cajin waya.
Ɗazu 'yar Barira ta rarrafa ta haye,
allurar ta motsa, ta yi rawa, ta tsaya.
Kafin in ankara na ɗaga murya:
Kilo tara da rabi!
Ɗakin ya yi tsit, duka suka waiwayo.
Na ce, to, wani ya rubuta mana.