Kwana Bakwai a Bayan Kalanda

Sanyin Jos ya rufe mana ƙofa tun magariba.
Na kife kalandar bara a kan tabarma,
na ɗora biro a Gangare, na ja layi,
na gangara, na gangara, har takarda ta ƙare.
Na ce, inda biron nan ya zame ya taɓa tabarma,
nan ne ruwa.

Baba Tanko ya jawo kaskon wuta kusa da gwiwa.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan gingimari,
dankali, kabeji, tumatirin Farin Gada.
Ban gama rubuta Akwanga ba ya tare ni:
"Kar ki sa mu gangara Hawan Kibo da yamma,
birki ba ya son alfahari.
A yi asuba a tashi, tun raɓa ba ta fara bushewa."

Litinin Makurɗi, kifin Binuwai da sakwara.
Ƙanena Habu ya ce a rubuta masa malmala biyu.
Talata Ikom, ayaba a bakin titi, a kwana.
Laraba Kalaba: gidan tarihin da ke kan tudu,
yawo a bakin kogi in rana ta yi sanyi,
da miyar ganyen nan mai dodon-koɗi
da Kande ta sha sau ɗaya lokacin hidimar ƙasa,
har yau ba ta bar kunnenmu ya huta ba.
Inna ta ɗaga murya daga ɗaki:
"Ku tambayi abin da ke tukunya kafin bisimilla.
Tambaya ba ta hana ƙoshi, kunya ke hanawa."

Habu ya nace sai an sa Legas.
Na lissafa mai, lita bayan lita,
na lissafa masauki, na zazzage adashen wata tara,
Legas ta ƙi shiga.
Dung makanike ya ce Siyanar za ta je ta dawo
in an sake mata taya biyu, aka daina yi mata gorin tsufa.
Legas kuwa ta jira baɗi, ba inda take zuwa.

Alhamis Ibeno, rairayi da ruwan kwakwa.
Juma'a Fatakwal, in an sauko masallaci
gasasshiyar agada da kifi, manja har gwiwar hannu.
Baba ya ce ya san matar da ta fi iya yaji,
in tana raye, tana bayan garejin 'yan albasa.
Na ce, Baba, kai da ka sha zuwa,
yaya tekun yake, da gaske ba a hango ƙarewa?

Ya juya gawayi. Ya sake juyawa.

"Ban taɓa ganinsa ba.
Da dare nake isa, a sauke kwanduna da fitila.
Tumatir ba ya jiran mai kallo.
Na dai ji shi a iska, na ga gishirinsa a gilashi,
na sa tsumma na goge,
na juya kan mota, ana jirana da ciniki a Arewa."

Na dubi farar yanar da ke cin idonsa na hagu.
Na soke kasuwar Laraba, na soke kwanan Ikom,
na ba Ibeno kwana biyu cur,
ba abin gani, ba abin saye,
sai kujerar roba ɗaya da inuwa.

Habu ya yi barci da hula a fuska.
Baba ya ce in kawo ruwa a kofi, da ɗan gishiri.
Ya kaɗa da yatsa, ya kurɓa, ya yamutsa fuska,
ya ce, "Haka ne?"
Na ce ni ma ban sani ba.
Ya ce, "To rubuta dambun nama da bargo.
Saura kwana goma sha ɗaya.
Kar ki manta da maganin hawan jinina
da takalmin da ba ya tsoron jiƙewa."