Kuku, In Ji Takarda

A Ƙofar Guga, ƙarƙashin rumfar kwano,
shekara arba'in da ɗoriya kakana na gyaran agogo.
Cindo mai agogo, iyakar sunan ke nan.
Ido ɗaya a gilashi, ɗaya a kan hanya,
bai taɓa zama ya ba ƙofa baya ba.

Takardar sallamarsa daga soja na cikin adaka,
an rubuta: kuku.
Mu kuwa mun san ko shayi ya ɗora
sai butar ta ƙone.
Mu yi ta dariya, shi ma ya taya mu,
dariyar da ba ta kaiwa ido.

Wata Laraba mota ta tsaya.
Matashin hafsa ya fito, takalmi kamar madubi,
ya ƙame, ya sara wa tsoho mai koɗaɗɗiyar taguwa.
Mai faci ya saki taya, mai rake ya manta wuƙa.
Ya ce ƙasa ta tuna.
Ya ce an buɗe fayil ɗin da aka kulle
tun ubansa na goye.

Sai ranar muka ji:
su tara ne, ba lamba, ba kaki.
Cikin dare suke ƙetare kogi
da gishiri a ka kamar fatake,
taswira ɗinke a kalmasar wando,
su ƙirga gada, su ƙirga bindiga,
su dawo kafin carar zakara, in sun dawo.
An rantsar da su: wanda ya faɗi, ba a san shi ba,
wanda ya rayu, bai ga komai ba.

Kakana ya ajiye matsefata.
“Yaro, karanto mini sunayen.”
Hafsa ya karanta uku, ya yi shiru.
“Saura fa?”
“Baba, nan takardar ta ƙare.”

Sai tsoho ya rufe ido ya cike:
Barmo ɗan Mani, mai kukan mujiya da tafin hannu.
Nalado, da tari ya kama cikin ciyawa
ya cusa hula a baki har ya suma.
Bitrus na Malumfashi, mai gadinmu in mun ta da salla.
Shekarau. Gagare.
Jatau.
A kan Jatau muryar ta tsinke kamar tsohuwar igiyar guga.

Ya je Abuja, aka rataya masa lamba, aka tafa.
Ya dawo da ita a aljihu, naɗe a ledar goro.
Bai ko sha ruwa ba ya ce in riƙe masa hannu
zuwa Rafin Daɗi, gidan Tasalla mai daddawa.

Shekara hamsin ana nuna ta da baki:
matar wanda ya gudu daga yaƙi.
Ba fansho, ba gawa, ba zaman makoki.
Kakana ya sani. Kullum ta layin yake bi,
ya sayi daddawar da ba ya buƙata,
rantsuwa tokare a maƙoshi.

Ya durƙusa. “Jatau bai gudu ba.
Ni na rufe shi da hannuna a bakin kogi,
da kwanon cin abinci na yi haƙar.”

Ta juya lambar a tafinta
kamar mai duba kuɗin jabu.
“Ni na daɗe da sani, Cindo.
Ya bar sabon takalminsa a ƙarƙashin gado.
Tashi ka faɗa a ƙofar gida. Da ƙarfi.”

Ya fita ya faɗa, sau uku.
Masu gorin duk suna Ɗan Takum, ƙasa ta rufe musu kunne.
Yara biyu ne a layin, da akuya,
da wani mai a-daidaita da ya kashe inji ya saurara.

Washegari ya buɗe rumfa kamar kullum.
Na kawo masa koko, na tsaya:
ya juya benci,
ya ba ƙofa baya,
yana saita agogon wani.