Lawashi

A Aliero aka binne cibiyata,
garin da ake ɗora ƙashin da ya karye
har mai shi ya tashi ya koma gona.
Amma na zaga masu ɗorin kaf,
babu wanda ya iya ɗora hanji.

Shekara uku cikina na kaɗa ganga.
In na ci, ya kumbura kamar buhun da aka yi wa toliya,
ya murɗa, ya saki, ya sake murɗawa.
Yau gudawa, na san kowane makewayi daga nan har Jega,
jibi kuma ƙofa ta rufe, ko da taɓarya.
Na sha saiwa, na sha jiƙo mai ɗaci,
na sha kanwa har harshe ya daina jin gishiri.

A Birnin Kebbi suka ɗebi jini, suka haska ciki.
Likita Zayyanu ya juya takarda gaba da baya,
ya ce, "Babu gyambo, babu tsutsa, babu mugun abu.
Hanjinka ne mai saurin fushi,
irinsa lallaɓa shi ake yi.
Kana da littafin bashi?"
Na ce, "Dillalin albasa kake tambaya?"
Ya ce, "To, buɗe wa cikinka shafi."

Na buɗe, bayan sunan Ɗantani mai tirela.
Litinin, wake da shinkafa: ya karɓi kuɗinsa kafin la'asar.
Talata, fura da nono: ya biyo ni har masallaci.
Lemon kwalba, iska. Yaji, wuta.
Shayi mai kauri kofi uku da goro a bisa,
wannan ko mahaukaci ya san ƙarshensa.
Na yi ta soke su ɗaya bayan ɗaya,
saura suna guda da ke leƙowa a kowane shafi,
ina tsallake shi kamar mai bin bashin suruki.

Kulu ce ta ɗora yatsa a kai.
Ta ce, "Maigida, ga ɓarawonka nan."
Albasa.
Ita ta yi mini rufin kwano,
ita ta kai Shafa'atu makarantar jinya,
ita ta sayi babur ɗin da ke zaure.
Na ce, "Ke, a garin nan? Wa zan faɗa wa?"
Ta ce, "Cikinka ya riga ya faɗa wa kowa."

Mako huɗu tukunya ba ta gan ta ba.
Tuwon shinkafa, miyar kuɓewa, kifi gasasshe,
kunun gero da safe, ayaba ɗaya,
kaɗan-kaɗan, ina taunawa kamar tsohon raƙumi.
Ruwa a gora kusa da sikeli.
Bayan la'asar in taka har bakin fadama in dawo,
bayan isha'i in kashe waya,
don na lura ran da farashi ya faɗi a kudu
cikina ke fara jin labari kafin kunnena.

Ba zan ce na warke ba.
Ran sunan ɗan Nomau na ga miya tana ƙyalli,
na ce cokali biyu ai ba zunubi ba ne.
Kwana biyu ina biyan cokali biyu.

Nono ya dawo, rabin ludayi, mun sasanta.
Wake har yanzu muna gaisawa daga nesa.
Ita kuwa, likita ya ce in gwada ganyenta,
kan ne mai faɗa, ganyen ba ruwansa.

Yanzu kullum ina cikin rumfa,
ina juya ta a tafin hannu, ja, mai sheƙi,
in yi mata kuɗi, in ɗora ta a mota,
in ce ta gaida mutanen Fatakwal.
Da magariba Kulu ta yanka lawashi a miya,
ƙamshin ya zagayo ta zaure ya same ni,
in wanke hannu, in yi bisimilla,
ni da cikina mu ci, ba mai ɗaga wa wani murya.