Zumunci a Batir Yake

Tordis ta juyo mini da allon kwamfuta,
ta ce, "Eilif, hawa uku ne, duba da kyau."
Ƙarfe uku na yamma, duhu ya riga ya ci Trondheim,
dusar ƙanƙara na sauka a waje,
ciki kuwa fes, har takalmana suka ji kunya.

Ta farko kujerun yadi, ba yabo ba fallasa.
Ta biyu da rufin gilashi, ka ga taurari kana tuƙi.
Ta uku, sai yarinyar ta sassauta murya
kamar mai faɗin sunan surukinta:
lasifika ashirin da ɗaya,
tayoyi manya masu ƙyalli,
kujerar da ke yi wa mutum tausa.

Lasifika ashirin da ɗaya!
Shekara talatin da huɗu na yi a ɗakin injin jirgin fito,
can na baro kunnen hagu.
Na dama ma sai an ɗaga masa murya.

Amma Gunnvor, matata, ta shiga ta zauna,
kujera ta kama bayanta tana murzawa.
Ta lumshe ido.
Rabon da in ga fuskarta haka
tun kafin likita ya sa mata ƙarfe a ƙugu.
Na ce a raina, an gama, wannan za mu saya,
ko da kuɗin fanshona zai yi kuka.

Sai Tordis ta ce, "Saura batir.
Ƙaramin, kilomita ɗari huɗu da hamsin a takarda,
sai dai sanyin Janairu ɓarawo ne,
yakan yanki kashi ɗaya cikin uku.
Manyan tayoyi ma suna da nasu cin."

Na yi shiru ina lissafi da yatsu a cikin aljihu.
Daga ƙofata zuwa Mosjøen ba zai kai ba.

"Ai akwai wurin caji a Grong," in ji ta,
"minti ashirin, ka sha kofi, ka wuce."
Yarinya, na san Grong.
Sau biyu na tsaya a can da tsohuwar motata,
sau biyu na sha kofin,
na tuna abin da Halvard ya faɗa mini
ranar rabon rumfar kwalekwalen babanmu,
na juya kan mota, na dawo gida.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Uwa ɗaya, uba ɗaya,
ko katin Kirsimeti babu.

Ban faɗi wannan ba. Na dai ce,
"Babban batirin nawa ne?"
Ta faɗa. Kuɗinmu ba zai ɗauki biyun ba,
ko tausa, ko nisa.

Gunnvor ta fito daga motar a hankali,
hannu a ƙugu, tana cije leɓe.
Ta ce, "Cire kujerar. Cire rufin.
Sa masa ƙananan tayoyi, munana ma ba komai.
Ba shi batirin da ba zai bar shi ya tsaya ba."

Launi kaɗai ta riƙe.
Ni toka-toka na so, ta ce ja,
jan da za a hango tun daga gada,
don Halvard ya samu lokacin ɗora ruwan zafi,
ko na kulle ƙofa, ya rage nasa.

Na sa hannu. Alƙalamin ma na lantarki ne.
Tordis ta ce, "Wata biyar za ta iso."

Wata biyar.
Halvard ya ba saba'in da tara baya,
kuma an ce tarin nan bai sake shi ba.

A bakin ƙofa, iska na yankan kunne,
Gunnvor ta laluba jaka, ta miƙo mini wayarta.
Ta ce, "Wannan cajinta cike yake."