Itacen Gangare

Gidanmu na Maiwurno bai iya kwanciya ba,
tun da aka kafa shi a karkace yake tsaye.
Ka ajiye lemon tsami a bakin zaure,
sai ka tsinto shi a gindin dangar Harira.
Can ƙasa da ita Nilu na wucewa,
bai taɓa ce wa kowa komai ba.

Ran da mai keken jaki ya zube mana gabaruwa,
da dushe, da 'yan guntayen aduwa,
na ce a bar mini.
Shekarata sha huɗu,
gashin baki ya tsiro, kunne ya toshe.
Na kwantar da su a gicciye, ɗaya kan ɗaya,
tsibi ya wuce kaina, na kaɗe hannu na tafi ƙwallo.

Cikin dare ruwan farko ya sauka.
Muka ji gududu, kamar shanu sun ɓalle turke.
Da asuba ga itacenmu a gidan mutane,
randar Harira ta rabe uku,
zakaranta na ɗingishi yana kallona.

Kaka Bashari bai ɗaga murya ba.
Ya gama shan gahawarsa, ya kife finjali,
ya ce, Tayyibu, ɗauko fartanya.
Ƙasa mai gudu ba a yi mata tsawa,
matakala ake sara mata, ta zauna.

Muka sari tudu, muka cike kwari,
ya ɗora kwanon ruwa a kai yana duba,
sai da ruwan ya daidaita da baki ya yarda.
Duwatsu huɗu, manyan biyu ta wajen kogi,
sanduna biyu a bisansu,
don gara ta zo ta tarar babu tsani.
Turke a wannan gefe, turke a wancan.

Ya ce, kowane ice ya dubi Nilu da goshinsa,
wanda ya ba kogi haƙarƙari shi ke mirginawa.
Masu kauri su yi gindi, ƙirare su hau sama,
duk jerin ya ɗan jingina baya
kamar mai hawan tudu da buhu a ka.
In ya kai ƙirjinka, tsaya,
ƙanwarka ma za ta zo ɗiba.

Na ce mu matsa shi jikin ɗaki, ga inuwa.
Ya dube ni.
Kunama kake nema wa maƙwabtaka?
Taku bakwai daga bango, goma daga murhu,
tartsatsi ba ya sallama in zai shigo.
Muka rufa masa tsohon kwano a ka, da dutse,
muka bar gefe a buɗe, iska ta riƙa ratsawa.
Ta sama muka ja 'yar kwata
ruwa ya sami hanyarsa, ya bar mana tamu.

Kuma kafin ka miƙa hannu, in ji shi,
ƙwanƙwasa da sanda.
Ko tsibin itace gidan wani ne.

Kuɗin randa, da kwasar kuɓewa na biya,
wata guda a fadamar bakin kogi.
Harira ta karɓa, ta ba ni kisira mai zafi.

Bana damina ta tara ke nan babu Kaka.
Gadon igiyarsa na jingine a zaure.
Jiya na kama kaina, kwanon ruwa a hannu,
ina harara ɗan ƙanwata
da ya kwantar da gabaruwa a gicciye.
Na buɗe baki zan yi tsawa,
sai na ji ƙamshin gahawa daga madafa.
Na ce, yaro, bari in sha tukuna.
Kai kuma ɗauko fartanya.