Na Biya Kuɗin Tsoro

A Tsohuwar Kasuwa, rumfar Arzika,
na ga baƙin bango, da jajayen idanu biyu a kogon kuka.
Ya ce, "Wanga, in ka karanta shi da dare,
ba za ka ƙara fita fitsari kai kaɗai ba."
Na miƙa dubu biyu, kuɗin cefanen gobe,
ban ko taya ba.

Daren nan zafi ya hana Mabera barci.
An ɗauke wuta. Na hau soro da tabarma
da fitilar waya,
na ce wa zuciya, "Ki shirya, yau za ki buga."
Har shafi arba'in ba ta ko motsa ba.

Samari biyar sun shiga daji.
Wai kwana uku suna tafe,
ƙaya ba ta soki kowa ba,
ƙarangiya ba ta kama wandon kowa ba,
ba wanda leɓensa ya tsage don ƙishirwa.
Wane irin daji ne wannan
da ko cinnaka bai ciji mutum ba?

A shafi sittin kura ta yi kuka,
wai "kamar rurin zaki."
Haba malam!
Kura jan murya take, kamar mai tambaya,
tana nesa ka rantse bayan kunnenka take.
Nan na gane mai alƙalamin nan
bai taɓa kwana inda babu katanga ba.

Sai ga dodon.
An ƙirga mini haƙoransa, an auna ƙahonsa,
ya kuma tsaya yana bayanin fushinsa
shafi uku cur,
kamar kansila ranar rabon taki.
Dodon da ya faɗi sunan kakansa
ai bai wuce maƙwabci ba.

Bari in gaya maka tsoro.
Ina shekara tara, ni da babana Nomau,
mun ɗoro wa jaki itace a gefen Gundumi.
Rana ta yi ja. Zabi na ta surutu,
sai suka yi tsit, kamar an rufe tukunya.
Jakin ya kafe, kunnuwa gaba.
Baba ya sa tafinsa a bakina,
ina jin warin taba da gumi,
ina jin hannun yana rawa.
Muka tsaya har wata ya fito.
Ba abin da ya fito.
Har ƙasa ta rufe idonsa
bai gaya mini abin da jakin ya ji ba.

Shekara talatin ke nan,
in zabi suka yi shiru, cinyata sanyi take.
Kai kuwa ka zuba jini kamar mahauta ranar Sallah,
gashin jikina ko ɗaya bai tashi ba.

An ce tsoro na daji, kunya na gida.
Dajinka babu tsoro,
kunyar kuwa ta biyo ni gida
da safe, da aka tambayi kuɗin miya.

Gwaggo Tumba na kwana ɗakin ƙofa
tun da ta baro ƙauye da ƙullin kaya ɗaya.
In babur ya wuce cikin dare
sai ta tashi zaune, ta lalubi takalmi.
Ta ce, "Mi kake karatu?"
Na ce, "Labarin ban tsoro ne, na daji."
Ta ce, "Karanto in ji."

Na karanto mata jawabin dodon.
Ta yi dariya har da riƙe ciki,
har da share ido da bakin zane,
dariyar da tun zuwanta gidan nan bai ji ba.

To, Arzika, na yafe dubu biyu.
Littafin na nan, ina fifita da shi.
Bangon na da ƙwari,
wannan kam ba ka cuce ni ba.