Mita Goma Sha Takwas

Daren da na tafi Ɗa'if ta'aziyya
waifai ya yi ɓatan dabo a gidana na Jidda.
Injin sanyaya ruwa ya tsaya cak.
Na'urar da ke gadin tankin kifi ta gani,
ta yi ta kira, kiran bai wuce bango ba.
Wayar aljihuna kuwa ko tari ba ta yi ba.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na dawo na tarar da Ɗan Kurkum
ciki sama, ido fari,
shi da ya san ƙarar takalmina tun daga bene.
Shekara huɗu muna tare.
Cikin takardar burodi na naɗe shi.

Da safe na gangara Bab Sharif,
na ce da Attayib mai shago: auna mini igiya,
na gaji da ba iska ajiya.
Ya yi dariya, ya ja shuɗiyar waya daga nadi,
mita goma sha takwas, ya ƙara mini taku ɗaya kyauta.

Bangon nan kankare ne, ba ya jin lallashi.
Na huda, maƙwabci ya buga nasa gefen,
na ba shi haƙuri ta taga, na ci gaba.
Na bi gindin bango da gwiwa,
bayan kujera, ƙarƙashin labule,
ina kafa ƙusa kamar mai dashen albasa.
Uwargida ta leƙo: shanya ce ka ɗaura mana a falo?

Siraran wayoyi takwas ne a ciki, kowace da launinta.
Rumasa'u ta riƙe fitila tana karanto mini jeri:
ruwan lemo, Baba, sannan fari da kore,
a'a, ka sa shuɗi a gurbin ɗan'uwansa.
Sau biyu ina yankewa.
A na uku kan ya shiga rami, ya ce ƙyas.

Na buɗe saiti, na kashe waifai da yatsa ɗaya.
Shiru.
Sai ɗan haske kore ya kifta,
ya sake kiftawa,
na'ura ta karɓi sabuwar lamba,
zafin ruwa ya fito a wayata: ashirin da biyar.

Kakana da ƙafa ya ratso Sudan zuwa gaɓar tekun nan.
Yana cewa guga ba ta yarda da alkawari,
abin da ta sani igiya.
Ban tuna maganar ba sai yau,
gwiwa duk farin siminti.

Na zare fulogin injin don gwaji.
Kafin in miƙe, aljihuna ya ɗau kuka.

Sauran kifayen suka taru a gilashi
suna buɗe baki, suna rufewa.
Kifi na ganinka, mai shuɗiyar waya.
Na san abinci suke jira,
amma na tsaya na ƙirga su tukuna.